Yatsa Biyu Tsakanin Iro da Aji Ɗaya

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Hamisu, wanda mutanen gabashin Gaya suka fi sani da Hedimasta, ko da yake ya bar riƙe makaranta tun kafin yawancin masu kiransa hakan su yi wayo. Duk shekara idan watan ya zagayo sai 'ya'yansa su ce, Baba Tijjani, ka rubuta wani abu a jarida mana, ai kai ka zauna da shi. Sai in ce to, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Ba abin faɗa na rasa ba. Duk ta inda na fara sai in tsinci kaina a gindin wata tsamiya, ina rungume da rajista, ina kallon hannun wani yaro da ya kasa kaiwa ga kunnensa. Bana na ce bari in rubuta shi haka nan, ko da har yau ban san abin da zan ce a kansa ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.

Sai na yi wa yaran yanzu bayani, don jikata dariya ta yi mini da na nuna mata. A zamaninmu babu takardar haihuwa a ƙauye. Ka tambayi uwa shekarun ɗanta, ta ce maka da damina aka haife shi, ranar wata Laraba. To yaya za a gane wanda ya isa shiga aji ɗaya? Sai a tsayar da yaro, a ce ya ɗaga hannun dama, ya ɗora ta tsakiyar kansa, ya kamo kunnen hagu. In yatsunsa sun taɓa kunnen, ya isa. In ba su taɓa ba, ya koma gida sai baɗi. Ba Yaya ne ya ƙirƙiro wannan awo ba, ko'ina haka ake yi. Amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe shi da gaske kamarsa ba. Wasu malaman daga kan kujera suke hangowa su ce wuce. Shi sai ya tashi, ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin haɓar yaro don kai ya tsaya a miƙe, sannan ya sunkuya ya duba da idonsa.

Yana da dalilinsa. A tsakiyar shekarun sittin aka tura shi wani ƙauye da ke tsakanin Toranke da Gafasa, wanda ba zan faɗi sunansa ba, saboda jikokin mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma muna gaisawa. Makarantar aji biyu ce, ginin ƙasa. A lokacin nan boko abin gudu ne. Hukuma ta aiko wa dagaci ya kawo yara, shi kuma ya zauna ya zaɓa: ɗan wanda ya yi masa gardama kan iyakar gona, ɗan baƙon da ba shi da kowa, maraya. Horo ne, ba gata ba. 'Ya'yan manyan gida kuwa ranar ɗaukar yara sai a neme su a rasa, wani yana cikin rumbu, wani an ce ya tafi gaida kakarsa.

Yaya ya ce shi ba zai karɓi yaran da aka tsince su haka ba. A tara masa yaran gari duka a gindin tsamiya, hannu ya zaɓa. Dagaci ya yarda, don ya san iyaye mata sun riga sun koya wa 'ya'yansu dabara: ka ɗage kafaɗa, ka ƙanƙame gwiwar hannu, ka yi kamar kana ƙoƙari. Abin da bai sani ba shi ne Yaya ya cika aljihunsa da ƙuli-ƙuli. Ya fito da ɗaya ya ɗaga, ya ce na wanda ya kamo kunnensa ne. Ɗan dagacin da kansa, wani ƙato mai kumatu, shi ya fara cafke kunnen nan da hannu guda kamar zai tsinke shi. Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Damina guda cur dagaci bai amsa gaisuwar Yaya ba, amma yaron ya zauna a benci ɗaya da marayan da aka so a yi wa horo.

Ni daga baya na je. Na gama aji bakwai, ban samu wucewa gaba ba, ina ta zaman zaure a Gaya, Inna ta gaji da ganina, ta ce ya tafi da ni ko ruwa in riƙa ɗebo masa. Aka ɗauke ni malamin wucin gadi, mutanen gari suka sa mini Malam Ƙarami. Ranar farko na shiga aji da bulalata mai kyau, ina jin kaina. Yaya ya leƙo, ya karɓe ta, ya wurga ta kan rufi, ya ce in na ga dama in hau in ɗauko a gaban yara. Shi ya koya mini a yi lissafi da tsakuwa da guntayen kara kafin a hau allo. Shi ya ce mini in yaro bai gane ba, in fara zargin bakina kafin in zargi kansa. Ranar ɗaukar yara kuwa aikina ɗaya ne, in riƙe rajista in rubuta wanda ya ce a rubuta.

Kafin a shiga shekarun saba'in sosai, abin ya juye. Yaran nan da aka tura makaranta don a ƙuntata wa iyayensu suka fara dawowa gida da farar riga, wannan malamin gona, wancan akawu, wani yana yi wa mutane allura. Sai idon kowa ya buɗe. Benci bai ƙaru ba, amma masu son zama a kansa sun ninka. Iyayen da suka koya wa yara naɗe hannu su ne yanzu ke koya musu miƙa shi: ka karkatar da kai kaɗan, ka ɗage yatsa. Masu faɗa a ji suka fara kawo 'yan mitsi-mitsin yara da ko wando ba su iya ɗaurewa ba, don su kama wuri. Awon nan da Yaya ya jawo 'ya'yan manya ciki da shi, da shi ya koma tare su a bakin ƙofa. Yakan ce hannu bai san ɗan wane ba. Ni ma a lokacin na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

A cikin wannan yanayi Iro ya zo. Ubansa Buba makiyayi ne, rugarsu na can arewa da gari, bayan fadama. A lokacin ba a saba ganin mutanen ruga a layin makaranta ba, sai kowa ya juya yana kallo. Buba ya ce yaron nan ba ya iya bin shanu, kafin rana ta take ya zauna yana haki. Ya yi tunani ya ga in jiki ya ƙi, kai bai ƙi ba, don yaron ko sau ɗaya ya ji abu ya riƙe. Iro ɗan siriri ne, mai manyan idanu, cikinsa ya ɗan fito. Ya ɗora hannu a ka. Yaya ya tallafi haɓarsa, ya sunkuya, ya auna da nasa yatsun. Saura yatsa biyu. Ya ce baɗi.

Baɗi ta zo, suka dawo. Saura yatsa biyu, ko kaɗan bai ragu ba. A nan Buba ya yi magana. Ya ce, "Modibbo," haka yake kiran Yaya, wato malam da harshensu, "makon da aka haifi yaron nan aka haifi wata karsana a garkena. Karsanar nan yanzu ta haihu uku." Mutane suka yi dariya, Yaya ma ya murmusa, ya ce babu gurbin saniya a rajistarsa. Ni ma na yi dariya, kuma ina jin kunyar dariyar nan har yau. Da mun tsaya mun lissafa da mun gane takardar haihuwa ce mutumin ya kawo mana, irin tasu, kuma ta fi ta kowa a wurin inganci.

Wani lokaci idan na ga motocin makarantun kuɗi suna ɗiban yaran da ko magana ba su gama iyawa ba, da jaka ta fi su girma, sai in ce ina ma Yaya ya leƙo. Ban san abin da zai ce ba. Ko zai yi murna an daina ɓoye yara a rumbu? Ko zai tsayar da motar ya ce kowa ya sauko ya kamo kunne? Yanzu akwai takardar haihuwa, ba a auna hannun kowa. Amma ɗan mai hali yana can, ɗan marar hali yana nan, ba sa ma haɗuwa a benci balle a ce wa ya riga wa. Abin da dagaci ke yi da baki, yanzu yana yin kansa ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Idan na yi wannan tunani sai in ce Yaya ya yi daidai. Sai kuma in tuna shekara ta uku.

Shekara ta uku dagaci da kansa ya zo, ya tsufa, aka kafa masa kujera a gindin tsamiyar. Jikansa ya kawo, wani ɗan ƙanƙani. Hannun yaron ko tsakiyar kai bai gama wucewa ba.

"Malam, yaron nan fa akwai wayo," in ji dagaci.

"Ranka ya daɗe, na ga alama. Baɗi in Allah ya kai mu, shi zan fara rubutawa."

Dagaci bai tashi ba. Ya gyara zama yana kallon layi. Can sai ga Buba, wannan karon da yara biyu. Ya fara turo wanda ba mu sani ba, wani kakkaura mai suna Manu. Ya ɗora hannu, ya taɓa kunne ba wahala. Yaya ya ce, rubuta Tijjani. Na rubuta. Sannan Iro ya matso. Na san abin da zai faru, don tun daga nesa na ga jikin nan bai canja ba. Sai na saci idon Yaya, na kalli Iro, na karkatar da nawa kan gefe don ya kwaikwaya. Yaron ya gane, ya fara karkatawa. Tafin hannun Yaya ya shiga ƙarƙashin haɓarsa, ya miƙar da kan a hankali. Saura yatsa biyu.

Buba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Modibbo, wannan da ka ce ya isa, ƙanin wannan ne da ka ce bai isa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya. Iro ya goyi Manu a bayansa."

Dagaci ya yi gyaran murya ya ce, "To Malam, muna saurare."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Hannunsa na nan a haɓar yaron, ya manta bai cire ba. Ya kalli Manu, ya kalli Iro, ya kalli jikan dagaci da ke wasa da ƙasa kusa da kujera. Da ya buɗe baki kalma ɗaya ya faɗa, da wata murya da ba tasa ba. Ya ce, baɗi. Buba ya gyaɗa kai, ya ce Manu na shanu ne, dama ya kawo shi ne don Modibbo ya gani da idonsa. Ya kama hannun 'ya'yansa biyu suka bi hanyar fadama. Ni kuma na ja layi a kan sunan Manu, a rajistar da Yaya ya hana ni ko ɗigon tawada in ɓata.

Kwana uku ba mu yi wata hira ba. Ranar Asabar da safe ya ce in ɗauko kekuna. Muka je rugar. Buba ya karɓe mu da ƙwaryar nono kamar ba abin da ya faru, wannan ya fi zagi zafi. Yaya ya kira Iro, ya ja fatar idonsa ƙasa, cikin fari fat kamar alli. Ya buɗe tafin hannunsa, shi ma haka. Buba da ya ga ana dubawa sai ya ɗauka shekaru ake nema, ya matso da wata hujjar. Ya ce yaron ya girma, shekara uku ke nan yana fitsarin jini. Da alfahari ya faɗa. Kada wani ya yi masa dariya, haka duk yankinmu aka ɗauka a lokacin, Hausawa da Fulani: in yaro ya fara ganin jini a fitsari, to ya kama hanyar zama namiji. Ni kaina na yi, kuma na yi wa sa'o'ina fariya da shi a bakin kududdufi. Yaya ne kaɗai a cikinmu ya ji a kwalejin horon malamai cewa tsargiya ce, ciwo ne da ake ɗauka a ruwan tafki, yana shanye jinin yaro ya hana shi girma. Ya zauna a kan wani turmi ya riƙe kai. Ashe shekara uku ba shekarun Iro yake aunawa ba, ciwonsa yake aunawa.

A ranar ya roƙi Buba ya ba shi yaron. Ya ɗora shi a bayan keke har Gaya, inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, yaron na zaune. Malamin asibitin sha-ka-tafi ya duba ya ce sai an yi makonni ana ba shi magani. Aka ajiye shi gidanmu wajen Inna. Ita kuwa ta samu aikin yi, yau zogale, gobe wake, ranar kasuwa 'yar hanta, tana faɗa tana cewa an kawo mata tsinke an ce ta mai da shi mutum. Ni duk ƙarshen mako in na zo gida sai mu zauna a zaure ina zana masa baƙaƙe a ƙasa. Buba bai yi ƙarya ba. Kafin ya gama shan magani yaron nan yana rubuta sunansa, yana haɗa kalmomi, lissafinsa ya fi na rabin 'yan aji biyu da nake koyarwa. Wata safiya Inna ta kama shi yana lilo da hannu ɗaya a reshen dalbejiyar tsakar gida. Ta ce me kake yi? Ya ce hannun yake ja ya ƙara tsawo.

Da na ji wannan na tunkari Yaya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce layin Manu na nan a rajista, a rubuta Iro a samansa, wa zai sani?

"Dagaci zai sani kafin tawada ta bushe," in ji shi. "Gobe ya kawo mini goma ya ce su ma ciwo ne ya hana su girma. Tijjani, hannun nan shi kaɗai ne abin da ɗan talaka ke da shi daidai da ɗan sarauta. In na sake shi, da me zan tare su?"

Na ce, "Yaya, ai ɗan talakan ka tare."

Ya kalli ƙasa. Sannan ya ce, "Na gani. Wallahi ban san yadda zan yi ba." Tun ina yaro ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba, sai ta tsorata ni, na kasa ci gaba. Sau da yawa ina tambayar kaina, da na ƙara matsa masa kaɗan a ranar, da ya yarda? Rajistar ma a hannuna take kwana. Da na rubuta da kaina, da zai goge? Ban sani ba. Na fi shekara hamsin ina ɗora laifin a kansa, ina saukewa, ina ɗorawa a kaina.

Abin da ya yi maimakon haka shi ne ya juya kan yaran da ke cikin makarantar. Kowace safiya bayan duba farce da haƙora, sai ya bi layi yana jan fatar ido. Ya tara kwalabe, ya ce kowa ya kawo fitsarinsa, ya ware masu ja ya riƙa kai su Gaya bibbiyu a keke. Ya hana wanka a kududdufi, ya dami gari har aka haƙa rijiya kusa da makaranta. Iyaye suka kai ƙara wajen dagaci wai Hedimasta yana raba 'ya'yansu da mazakuta. Ya sha surutu, bai fasa ba. Yaran da ke barci a aji suka farka, waɗanda nake cewa daƙiƙai suka fara ɗaga hannu, na ji kunyar kaina. Akwai dattawa a yankin nan yau da ba su san cewa lafiyarsu ta samo asali ne daga wani yaro da bai taɓa zama a bencinsu ba.

Ranar da za a mai da Iro ruga, kumatunsa sun ciko, idonsa ya yi ja. Yaya ya tsayar da shi a zaure ya auna. Saura yatsa ɗaya. Ya yi murna kamar an yi masa bushara, ya ce baɗi kam babu makawa. Sai ruwa ya ƙi. Waɗanda suka ga farin shekarun nan ba sa buƙatar in ba su labari. Fadama ta bushe, shanu suka fara faɗuwa, makiyaya suka yi kudu. Ranar ɗaukar yara Yaya yana auna wannan yana waiwayen hanyar fadama. Layi ya ƙare, ya ce kada in rufe rajista tukuna. Muka zauna har la'asar. Washegari muka hau keke zuwa rugar, muka tarar ba kowa sai turakun ɗaure maruƙa da tokar murhu.

Bayan 'yan shekaru gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare. Aka cika azuzuwa, aka cika gindin tsamiya, da wanda ya isa da wanda bai isa ba da wanda ya wuce. Babu wanda ya sake cewa a kamo kunne. Awon da Yaya ya ɓata da dagaci a kansa, ya mai da Iro gida sau uku a kansa, haka ya ɓace ba sallama. Na zaci zai ce wani abu, bai ce ba. Bai ƙara ambatar sunan Iro a gabana ba har ya bar duniya. Amma na sha ganinsa a kasuwar Gaya ya tsayar da masu tallar nono yana tambayarsu ko sun san mutanen wani Buba da suka taɓa zama bayan fadama.

Me ya rage na Yaya? Makarantar na nan, an yi mata ginin siminti, yara sun fi ƙarfin malamai, rabinsu a ƙasa suke zaune. Rijiyar ta rufta. Babu mai jan fatar idon kowa da safe, na tambaya aka ce ba aikin malami ba ne. Ɗalibansa in mun haɗu sukan ce mutum ne mai gaskiya, bai taɓa fifita ɗan wani ba. Haka ne, ni shaida ne. Sai dai ban san yadda gaskiyar da ta zaunar da maraya kusa da ɗan dagaci ita ce kuma ta kori Iro ba. Na so in raba su, in ce wannan adalcinsa ne, wancan kuskurensa ne, sai in ga hannu ɗaya ne a ƙarƙashin haɓa ɗaya.

Kwana na uku da rasuwarsa muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga wani dogon Bafulatani da sanda, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yi addu'a, aka shafa. Bai tashi ba, ya zuba mini ido, ya ce, "Malam Ƙarami?" An fi shekara talatin rabon da a kira ni haka. Ya ce shanu ya kawo kasuwa ya ji labari. Ya ce shekara da shekaru yana cewa zai zo, yana jin nauyi. Na tambaye shi ko ya samu yin karatu a inda suka je. Ya girgiza kai, ya ce sunansa dai har yanzu yana iya rubutawa.

"Mutumin nan," in ji Iro, "shi ya sa nake da rai. Shi kuma ya sa duk takardar da ta zo mini sai na nemi mai karanta mini. Na rasa wanne zan fara tuna masa, sai na roƙa masa gafara gaba ɗaya."

Sannan ya cire hularsa a gaban mutane, ya ɗaga hannun dama, ya ɗora ta tsakiyar kai. Yatsunsa suka rufe kunnen duka har suka sauko wuya. Waɗanda ke wurin suka kalli juna, ba su san me ake yi ba. Ya ce, "Duba mini da kyau, Malam. Kaina a miƙe yake?"

Ban san lokacin da hannuna ya shiga ƙarƙashin haɓarsa ba. Na ce a miƙe yake. Ya ce to, ya kai ke nan? Na ce ya kai, Iro. Ya tsaya a haka yana jira, ni ma ina jira, kamar akwai wanda zai ce rubuta Tijjani. Ko wasa yake yi mini, ko ƙara ya kawo, ko yafiya, bai faɗa ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ya mai da hularsa, ya ɗauki sandarsa, ya ce shanu na jiransa. Shekara goma sha tara ke nan, yau na rubuta sunansa.